Yadda Ake Shirya Kwamfuta Ta Kunna Faifan Blu-ray

Wanda ya saba da faifan DVD ya saba da abu mai sauƙi: ka danna, bakin na'ura ya buɗe, ka ɗora faifai, fim ya tashi. Shi ya sa mutum kan sha mamaki ran da aka kawo masa tsarabar faifan Blu-ray daga Dubai ko Landan, ya saka a laftof, na'ura ta yi ta gurnani na ɗan lokaci, sannan ta yi tsit kamar ba a ba ta komai ba. Daga nan sai a fara ɗora laifi, wani ya ce faifan ne ya lalace, wani ya ce kwamfutar ce ta tsufa. Galibi duk ba haka ba ne.

Tambayar da aka fi yi ita ce ko kwamfutar tana da ƙarfin ɗaukar irin wannan hoto. Wannan ita ce mafi sauƙin amsawa, domin kusan duk kwamfutar da aka ƙera daga 2011 zuwa yau za ta iya. Inda gizo ke saƙar shi ne makullai. Kamfanonin fim sun kulle faifan, suka kuma shimfiɗa sharaɗi cewa duk abin da hoton zai ratsa, tun daga na'urar karanta faifai, zuwa manhaja, zuwa waya, har zuwa allo, sai ya nuna yana da izini. Ɗaya ya gaza, komai ya tsaya. Don haka kada ka cire ko kwabo kafin ka bi waɗannan matakai.

Fara da faifan kansa

A kasuwanninmu an daɗe ana sayar da fayafayai masu tambarin Blu-ray a kwali, da fina-finai goma ko ashirin a cushe a faifai guda. Waɗannan DVD ne zalla, sunan kawai aka ara. Gane su ba wuya. Saka faifan a kwamfutar da ke karanta DVD kawai. In ya buɗe, to ba Blu-ray ba ne. Faifan DVD yana ɗaukar gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5. Na Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25, mai hawa biyu 50, kuma yawanci fim ɗaya rak ake sakawa. Idan ka leƙa cikin na gaske za ka ga jaka mai suna BDMV, alhali faifan fim na DVD jakarsa VIDEO_TS ce.

Akwai kuma wani tsohon faifai mai suna HD DVD, na kamfanin Toshiba, wanda ya fito a 2006 tare da Blu-ray, suka yi ta fafatawa har Toshiba ya janye a Fabrairun 2008. Har yanzu akan ci karo da shi a cikin kayan gwanjo, kwalinsa ja ne, na Blu-ray kuwa shuɗi. Na'urar Blu-ray ta yau da kullum ba ta karanta shi, saboda haka ka bar shi inda ka gan shi. Idan kuma kwalin baƙi ne, an rubuta masa Ultra HD ko 4K, ajiye shi gefe tukuna, maganarsa daban ce, za mu zo kanta.

Na'urar karanta faifai

Nan ne ba a yin dabara. Na'urar DVD tana karatu da jan hasken leza mai tsawon zango nanomita 650, ta Blu-ray kuwa da shuɗi mai nanomita 405, wanda ya fi siriri, shi ya sa yake iya bin ƙananan alamomin da aka cusa a faifan. Babu manhajar da za ka sauke ta mayar da jan haske shuɗi. Duk wanda ya ce maka akwai, kuɗinka yake so.

Duba fuskar na'urar da ke jikin kwamfutarka ko akwai tambarin Blu-ray. In tambarin ya goge, danna dama a kan maɓallin Start, ka shiga Device Manager, ka buɗe DVD/CD-ROM drives. Sunan na'urar zai fito, kuma masu karanta Blu-ray galibi suna da BD a cikin sunan. In ba ka gamsu ba, kwafi lambar ka bincika a intanet. Mafi yawan laftof ɗin hannu da ke shigo mana, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, na ofis ne, DVD kawai suke karantawa, sababbin ma babu ramin faifan gaba ɗaya. Kwamfutocin Apple kuwa ba a taɓa ƙera ko ɗaya da na'urar Blu-ray a ciki ba.

In babu, sai ka saya. Mai kwamfutar tebur ya nemi ta ciki, mai faɗin inci 5.25, wadda ake haɗawa da wayar SATA. Ya fara tabbatar da cewa akwatin yana da gurbinta, domin akwatuna da yawa na yanzu ba su da shi. Mai laftof ya nemi ta waje mai shiga ta USB. LG da Asus da Pioneer da Verbatim duk sun yi irinsu. Ba ka buƙatar mai rubuta faifai idan kallo kawai za ka yi, kuma ba ka buƙatar mai tsananin gudu: faifan fim ba ya neman fiye da megabit 54 a daƙiƙa, na'ura mai gudun 2x ta wadatar, waɗanda ke kasuwa kuma 6x ne zuwa sama.

Abin da ke ba mutane ciwon kai da na'urar waje shi ne wuta. Kafar USB 2.0 tana iya kai bayanan ba tare da matsala ba, tunda ƙa'idarta megabit 480 ce, amma wutar da take bayarwa miliamfiya 500 ce kacal, ta USB 3.0 kuma 900. Injin da ke juya faifai mayunwaci ne. Idan ka ji na'ura ta fara juyawa, ta yi ƙas, ta tsaya, ta sake farawa, to ba ta ƙoshi ba ne. Sa ta a kafar USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, kai tsaye a jikin kwamfuta, kada ka bi ta mahaɗar nan mai baki huɗu. In wayarta mai kai biyu ce, sa duka biyun, ba ado aka yi su ba. Kuma ka tafi shago da faifanka na gaske a aljihu, a gwada a gabanka. Na'urar Blu-ray tana da leza fiye da ɗaya, shuɗin na iya mutuwa jan yana aiki lafiya lau, mai shago ya gwada maka da DVD ka biya ka tafi.

Ƙarfin kwamfutar

Hoton Blu-ray ɗigo 1920 ne a faɗi, 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da ɗoriya, ninki biyar cur na hoton DVD irin namu mai 720 da 576. Bayanan hoton kan kai megabit 40 a daƙiƙa, na DVD ba sa wuce 9.8. An kuma matse su da ɗaya daga cikin tsari uku: MPEG-2, ko VC-1, ko H.264, wanda shi ne ya fi yawa kuma ya fi nauyin warwarewa. A 2006 da 2007 wannan babban aiki ne. Kwamfutar Pentium 4 kan yi ta haki, hoto yana tsalle-tsalle, fanka tana ihu. Mafita ta zo ne da aka fara saka wani sashe na musamman a katin hoto, wanda ba shi da aiki sai warware bidiyo. Nvidia ya yi haka a GeForce 8500 da 8600 a 2007, ATI ya yi a Radeon HD 2400 da 2600 a shekarar, Intel kuma ya biyo baya a 2008. Daga nan furosesa ta samu hutu.

Ga yadda za ka duba taka. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta dxdiag, ka danna Enter. Shafin farko zai nuna maka furosesa da yawan RAM, shafin Display kuma katin hoto. In furosesar Intel Core ce, lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ke faɗin zuriyarta: i5-2520M zuriya ta biyu ce, i5-7200U ta bakwai, i5-10210U ta goma. Daga zuriya ta biyu zuwa sama, katin hoton da ke cikin furosesar ya isa, ba sai ka sayi wani ba. AMD Ryzen kowanne ya isa. Ko Core 2 Duo za ta yi in an haɗa ta da katin hoto mai warware H.264. RAM gigabait 4 zai ɗauka, 8 ya fi daɗi, ba don fim ɗin ba sai don Windows ita kanta mai ci ce.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne direban katin hoto, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya yi aiki. Masu gyara da yawa suna ɗora Windows su miƙo maka kwamfuta ba tare da sun saka shi ba. Idan dxdiag ya nuna maka Microsoft Basic Display Adapter, to katin yana nan amma barci yake yi, furosesa ce ke ɗauke da kayan duka. Je shafin Intel ko Nvidia ko AMD ka sauke direban da ya dace. In fim ya fara, danna Ctrl da Shift da Esc, ka shiga Performance, ka duba GPU: in layin Video Decode yana motsi, furosesa kuma tana ƙasa-ƙasa, to aiki ya tafi daidai.

Allo da waya

Wannan matakin ne ya fi kayar da mutane, ni ma ya taɓa kayar da ni. Na haɗa komai, na saka faifai, sai manhaja ta fito da saƙo ta ƙi nuna hoto. Na kwashe yini ina cire direba ina mayarwa, ashe wayar VGA mai shuɗin kai da ke tsakanin kwamfuta da allo ce sanadi.

Dalili shi ne wani makulli mai suna HDCP, ƙirƙirar Intel. Kafin hoto ya fita daga kwamfuta, katin hoto da allo sai sun gaisa, kowa ya tabbatar da ɗan'uwansa, sannan a tura hoton a ɓoye don kada wani ya tare shi a hanya ya kwafa. Wayoyi masu ɗaukar wannan gaisuwa su ne HDMI da DisplayPort da DVI, shi ma DVI sai in allon da katin duk suna da HDCP, domin tsofaffi da yawa ba su da shi. VGA ba ta san da zancen ba. Da farko an ɗan ɗaga wa irinta ƙafa, amma ƙa'idar lasisin Blu-ray ta ce na'urorin da aka ƙera bayan 2010 su rage hoton da ke fita ta tsofaffin wayoyi, waɗanda aka ƙera bayan 2013 kuma su rufe hanyar baki ɗaya. Saboda haka majigin makaranta ko na ofis mai kafar VGA kaɗai ba abin dogaro ba ne, haka ma ɗan mahaɗin nan mai juya HDMI zuwa VGA.

Allon da ke jikin laftof ba shi da wannan matsala. Tasa matsalar daban ce: laftof ɗin hannu da yawa allonsu 1366 ne da 768, kusan rabin ɗigon da ke faifan. Fim zai tashi, amma rabin abin da ka biya kake gani. Danna dama a kan fuskar kwamfuta, ka shiga Display settings, ka ga lambar. In ba ta kai 1920 da 1080 ba, haɗa da talabijin ta HDMI. Talabijin ɗin ma a duba, domin masu inci 32 da yawa an rubuta musu HD Ready, su ma 1366 ne da 768. Full HD ake nema. Mai katin Nvidia zai iya buɗe Nvidia Control Panel, akwai wurin da ke nuna ko HDCP na aiki. In kana da allo biyu, ɗaya sabo ɗaya tsoho, cire tsohon kafin ka kunna, domin shi kaɗai na iya hana ruwa gudu. Wayar HDMI kuwa ba sai mai tsada ba, mai lafiya kawai.

Ga wani ɗan gyara ga masu kaifin ido. Yawancin fina-finai hoto 24 ne a daƙiƙa, kwamfuta kuma tana aika 60. Lissafin bai raba daidai ba, shi ya sa in kyamara tana tafiya a hankali za ka ga hoton yana ɗan ɗingishi. In talabijin ɗinka yana karɓar 24, shiga Advanced display ka mayar da shi 24, ko 23 in ka ga akwai.

Manhaja

Windows ba ta kunna faifan Blu-ray da kanta, ko ta 10 ko ta 11, haka ma macOS. Faifan a kulle yake da tsarin AACS, wasu kuma an ƙara musu na biyu mai suna BD+. Manhaja mai lasisi ce ke da mabuɗin, kuma wadda aka fi sani ita ce PowerDVD ta kamfanin CyberLink, sai WinDVD ta Corel. Na kuɗi ne, kuma ba kowane nau'insu ke kunna Blu-ray ba, don haka karanta bayanin kafin ka biya. Wasu na'urori kan zo da kwafin manhajar a kwali, sai dai sau da yawa tsoho ne. Tsufan yana da illa, domin ana sauya mabuɗan lokaci-lokaci, sabon faifai zai ƙi buɗewa a tsohuwar manhaja har sai an sabunta ta. Kenan ko da faifai a hannunka, za ka buƙaci ɗan data jefi-jefi.

VLC, wadda kowa ya amince da ita don ba ta ƙin fayil, a nan ita ma ta sallama. Tana kunna faifan da ba a kulle ba, kamar wanda mai ɗaukar hoton biki ya rubuta maka, amma ba ta zuwa da mabuɗan faifan kamfani. Wasu kan bi ta MakeMKV, wadda ke kwashe fim daga faifai ta mayar da shi fayil. Abu biyu za ka sani kafin ka bi wannan hanya. Na ɗaya, a ƙasashe irin su Amurka doka ta hana karya makullin ko da faifan naka ne, raba wa mutane kwafi kuwa cin haƙƙin masu fim ne a ko'ina. Na biyu, fim ɗaya kan ci gigabait 20 zuwa 40, kuma filashi mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS.

Yankin faifai

An raba duniya gida uku. Yankin A ya ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. Yankin B ya haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostiraliya, wato Najeriya da Nijar da Gana da Sudan da Saudiyya duk gida ɗaya muke da Ingila da Faransa. Yankin C ya kwashe Sin da Rasha da Indiya. Masoya fina-finan Indiya su lura da wannan: a zamanin DVD mu da Indiya duk yanki na 5 muke, faifansu yana tashi a na'urarmu ba tambaya, amma a Blu-ray an raba mu. Sa'ar da aka yi ita ce fayafayai da yawa ba a kulle su da yanki ba. Juya bayan kwalin, za ka ga harafin; in an jera A da B da C, ko'ina zai yi.

A kwamfuta manhaja ce ke riƙe da yankin Blu-ray, kuma PowerDVD sau biyar kawai take bari a sauya, daga nan ta daskare a kan na ƙarshe. Duba fayafayanka, ka zaɓi yankin da ya fi rinjaye, ka bar shi a nan.

Sauti

In da lasifikar laftof ko ta talabijin za ka saurara, tsallake wannan. In kana da amfilifaya da lasifika shida ko takwas, to ka sani manyan sautukan Blu-ray, Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, ta HDMI kaɗai suke wucewa cikakku. Siririyar wayar nan mai jan haske a baki ba ta iya ɗaukarsu, sai ta koma kan Dolby Digital ko DTS na da. Haɗa kwamfuta da amfilifaya ta HDMI, amfilifaya kuma da talabijin. In kuma sauti ya ɗauke bayan kamar minti ashirin, saƙo ya fito da sunan Cinavia, ba lasifikarka ba ce: alama ce da aka ɓoye a cikin sautin, manhajar ta gano faifan kwafi ne.

Maganar faifan 4K

Ultra HD Blu-ray ya fito a 2016, yana ɗaukar gigabait 66 ko 100 a mafi yawan lokuta, hotonsa 3840 da 2160, an matse shi da HEVC, kuma ba shi da yanki. Shawarata a kansa gajeriya ce: kada ka gina kwamfuta dominsa. Warware hoton ba shi ne matsala ba, Intel daga zuriya ta bakwai da katunan Nvidia GTX na jerin 10 duk suna iyawa. Makullin ne aka tsaurara. Bayan na'ura ta musamman, da allo mai HDCP 2.2, da kafar HDMI 2.0, sai furosesar tana da wani sashen tsaro mai suna SGX, allon uwar kwamfutar, wato motherboard, shi ma ya amince da shi, hoton kuma ya fita ta katin Intel na ciki. Zuriya ta bakwai zuwa ta goma ne kawai suka cika wannan sharaɗi. Intel ya cire SGX daga zuriya ta 11 zuwa sama, AMD kuwa dama bai taɓa samun shiga ba. Sai ga shi sabuwar kwamfuta mai tsadar gaske ba ta iya abin da ta 2018 ta riƙa yi.

Wanda ke da faifan 4K ya nemi na'urar kallo ta musamman, ko PlayStation 5, ko Xbox One S, ko Xbox Series X, masu ramin faifai. Ko a Blu-ray na yau da kullum ma, in akwai PlayStation 3 ko 4 a gida tana shan ƙura, ita ma tana kunna shi, babu sayen manhaja.

Gwajin farko

Sa caja, domin laftof kan rage ƙarfi in tana kan batir. Ɗora ta a kan tebur, ba a kan katifa ko darduma ba, ramukan iska su samu sarari. A zafin bazara kwamfutar da ta yi zafi da kanta take rage gudu, hoto ya fara sarƙewa bayan rabin awa. Mai kwamfutar tebur ya sa UPS, don ɗaukewar wuta faifai na tsakiyar juyawa ba alheri ba ne. Rufe burauza da duk manhajar naɗar allo, wasu manhajojin kallo na ƙin tashi in sun gan su. Saka faifai, ka ba shi minti ɗaya ko biyu. Shafin zaɓe-zaɓen Blu-ray da Java aka rubuta shi, yana da nawar buɗewa, ba lalacewa ba ce.

In kwamfuta ba ta ga faifan ba sam, zargi na'ura ko wutar USB. In ta gan shi amma manhaja ta ƙi, sabunta manhajar, ka kuma duba yanki. In saƙo ya ambaci HDCP ko allo ya yi baƙi sauti na tashi, waya ce ko allo. In hoto na tsalle daga farko har ƙarshe, direba ne. In kuma a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, faifan ne ya yi datti. Bayanan Blu-ray suna nan dab da fuskar faifan, milimita 0.1 kacal, na DVD kuwa 0.6, don haka shatin yatsa mai maiƙo ko ƙurar hunturu na iya tare hasken. Samu ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, ka share daga tsakiyar faifan zuwa baki a miƙe, kada ka bi shi zagaye. Na'urar waje kuma in ka gama, cire faifan, ka mayar da ita cikin jaka ko leda, domin ƙurar da ta shiga ta zauna a kan idon leza sai an kwance na'urar kafin a kai gare ta.